Darasi na 14: Dashen Leɓe, Jinyarsa da Haɗurransa

Manufar darasi

A wannan darasi za mu ga yadda ake tiyatar ƙara wa leɓe kauri, yadda wurin yake warkewa, da yadda mai jinya zai bambance kumburin da zai saɓe da kansa da wanda ke bukatar asibiti. Mai yiwuwa babu ko mutum ɗaya a ajinku da ya taɓa tunanin yin wannan aiki. Amma 'ya'yanku da ƙannenku suna ganin tallarsa kullum a TikTok da Instagram, kuma idan abu ya ɓaci, ku manya za a taso cikin dare. Ban da haka, abin da za ku koya game da yadda jiki yake karɓar baƙon abu zai amfane ku a kan dashen haƙori da ƙarfen da ake sa wa karaya.

Gaɓar da ba ta hutawa

Ku gwada faɗin "baba", "mama", "ɓawo" ko "fura" ba tare da leɓɓanku sun motsa ba. Ba zai yiwu ba. Daga wayewar gari zuwa kwanciya leɓe yana cikin aiki: magana, dariya, ci, sha, hamma, tofar da yawu. Tsoka ce ta zagaye baki kaf, likitoci suna kiranta obikularis oris. Ita ce ke tsuke baki, ita ce ke hana ruwa zubowa idan an kurɓa. Daga waje fata ta rufe ta, daga ciki kuma wani tattausan tantani mai danshi. Jijiyoyin jini da suka taso daga babbar jijiyar fuska sun ratsa leɓen sama da na ƙasa, shi ya sa ɗan ƙaramin rauni a leɓe yake zubar da jini sosai, yake saurin kumbura, kuma yake saurin warkewa. Jijiyoyin ji ma sun yi yawa a wurin, har ya zama leɓe na cikin gaɓoɓin da suka fi kowanne jin taɓi.

Abu uku za ku riƙe, domin duk dokokin jinya da duk haɗurran da za mu ambata daga nan suka fito. Leɓe ba ya daina motsi. Kullum yana jiƙe da yawu, kuma masana sun gano ire-iren bakteriya kusan 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam. Sannan naman da zai rufe abin da aka dasa ba shi da kauri. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa ana iya ɗaure masa ƙafar ta yi makonni ba ta motsa ba. Baki ba ya ɗauruwa.

Abin da ake dasawa

Mutane kan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai allurar cike leɓe, wadda ake kira fila. Mafi yawanta wani ruwa ne mai yauƙi, hayaluronik asid, wanda jiki yake shanyewa cikin wata 6 zuwa shekara guda, kuma akwai allurar da ke narkar da shi idan an sami matsala. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irinta mai suna Restylane a 2003, Juvéderm kuma a 2006. Sai kuma dashe, wanda shi tiyata ce: ana yanka, a saka wani abu da ba ya narkewa, a ɗinke.

Dashen da aka fi sani silikon ne daskararre mai laushi, siriri, mai tsini a kai biyu, wanda ake sayarwa da sunan PermaLip. Kaurinsa milimita 3 ne ko 4 ko 5, tsawonsa kuma daga milimita 55 zuwa 65. Kafin shi an daɗe ana amfani da Gore-Tex, wani abu mai ƙananan ƙofofi da Robert Gore ya gano a 1969, wanda ake yin rigunan ruwan sama da jijiyoyin jini na roba da shi. Akwai kuma masu amfani da kitsen mutum kansa, ko fatar mamaci da aka sarrafa aka cire mata ƙwayoyin halitta, irin AlloDerm. Waɗannan biyun jiki yakan shanye wani kaso nasu da tafiyar lokaci.

Kowanne da inda yake gazawa. Nama yakan shiga ƙofofin Gore-Tex ya riƙe shi gam, don haka ba ya yawan gocewa. Amma yakan taurare, kuma ran da aka so cire shi sai an sha wahala, wani lokaci har da yanke nama. Silikon kuwa santsi gare shi, nama ba ya kama shi, cire shi ba wuya. Wannan santsin dai shi ne ke sa ya zame ya bar inda aka ajiye shi. Ba a sami wanda ya haɗa zama daram da sauƙin cirewa ba.

Aikin kansa gajere ne, kamar rabin awa zuwa awa guda, kuma galibi ba a sa mutum barci. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a yi 'yar tsaga a kowace kusurwar baki, a buɗe siririyar hanya a cikin leɓe daga wannan gefe zuwa wancan, a jawo dashen ta ciki kamar yadda ake zura tazuge a ƙubakar wando. Sai a daidaita shi a tsakiya, a ɗinke tsagar da zaren da ke narkewa da kansa. Mutum yakan koma gida a ranar. Saurin nan ne yake ruɗar mutane su ɗauka ƙaramin abu ne, alhali babban aikin a gida yake farawa.

Kwana uku na farko

Idan allura ta sake, za a ji zugi da ɗaurewa. Leɓe zai kumbura, kuma kumburin ba a ranar farko yake ƙurewa ba, sai a kwana na biyu zuwa na uku. Wanda bai san haka ba zai duba madubi ya firgita, ya ɗauka an ɓata masa fuska. Za a iya ganin kwanciyar jini, magana ta riƙa fita da ƙyar, yawu ya riƙa dalala, wani sashe na leɓen ya zama ba a jin taɓi. Duk wannan yana cikin lissafi.

A waɗannan kwanaki sanyi ake sa wa wurin. A naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora kamar minti 10 zuwa 15, a huta, a sake. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye, kada kuma a danna. Nan ne al'adarmu take iya kawo cikas, domin mu da mun ga kumburi sai mu ɗora ruwa a wuta a yi gashi. Gashi yana buɗe jijiyoyin jini, ya ƙara kumburi da zubar jini a sabon rauni. Kuma leɓen da ba ya jin taɓi ba zai gaya wa mai shi ya ƙone ba. Saboda wannan dalili ne ake hana shayi mai zafi da kunun da aka sauke yanzu. A bari su huce.

A kwanta rigingine, a tada kai da matashi biyu ko uku. Sunkuyawa tana tara jini a fuska, don haka wanki a durƙushe da shara da ɗaukar kaya masu nauyi su dakata. Wanda sujada take ƙara masa zugi ya tambayi likitansa kwana nawa zai yi hattara, malamai kuwa sun riga sun yi bayanin sallar majinyaci. Kurkurar baki a alwala a yi ta a hankali, ba tare da kumbura kumatu ba.

Abinci mai laushi ake ci, a ƙaramin cokali, loma ƙanana: kunu, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, kindirmo, tuwo mai ruwa-ruwa da miyar da ba yaji. Tsire, kilishi, rake, goro, ƙuli-ƙuli da duk abin da sai an wage baki ko an yaga da haƙori, a yi haƙuri da su. Ba a shan ruwa da tsinken zuƙa, domin tsuke baki yana matsa dashen tun bai zauna ba.

Tsabtar baki ta fi komai, ga shi kuma goge baki yana wahala. A sami ƙaramin buroshi mai laushi irin na yara, a kauce wa kusurwoyin baki. Asuwaki ya jira, saboda yana jan leɓe. Likita yakan ba da ruwan kurkura mai kashe ƙwayoyin cuta, irin kuloheksidin, ko ya ce a yi da ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi bayan kowane cin abinci. Idan lokacin hunturu ne, leɓe zai bushe ya tsage, kuma kowace tsagewa ƙofa ce ga cuta. A shafa abin da likita ya bayar da hannu wankakke. Man zafi, man goge baki, toka, garin magani da jan-baki ba su da hurumi a kan ɗinki.

Magunguna

Farasitamol ya isa ga yawancin mutane, kuma babba kada ya wuce giram 4 a yini. Asfirin yana hana jini daskarewa, ibuprofen da diclofenac ma suna da ɗan wannan hali, don haka likitoci sukan hana su kafin aiki da kwanakin farko bayansa. Mutane da yawa ba su san garin Alabukun asfirin ne da kafin a cikinsa ba. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar jiki, kada ya kuskura ya daina da kansa. Ya faɗa tun kafin a sa ranar aiki, likitocin biyu su yi shawara.

Idan an rubuta maganin kashe bakteriya, a sha shi yadda aka ce har ya ƙare. Kada a ƙara masa wani kafso daga kemis.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, bairos ne ke kawo su, ana kiransa hafis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da shi. Yana kwance a jijiya, kuma rauni a leɓe yana iya tayar da shi. Wanda ya san suna fito masa ya faɗa, domin a ba shi magani irin asaikulobiya tun kafin aiki. Idan kuwa suna nan a ranar, ɗage aikin ake yi.

Taba ita ce babbar abokiyar gaba. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa rauni jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, ga zuƙar kanta tana murza leɓe. Likitocin fiɗa sukan nemi a daina aƙalla mako 4 kafin aiki, a ci gaba da ƙauracewa bayansa. Shisha da sigarin lantarki suna cikin wannan hukunci, ko da matasa suna ganin su daban ne.

Daga mako guda zuwa wata uku

Cikin mako ɗaya zuwa biyu yawancin kumburi yakan saɓe, zare ya narke, mutum ya koma harkokinsa. Amma leɓen zai daɗe yana da tauri, murmushi ya zama kamar na dole. A cikin makonnin nan jiki yana yi wa dashen wani siririn kube na tabo, yana kewaye shi. Haka jiki yake yi wa duk baƙon abin da ya kasa narkarwa. Kuben nan ne zai riƙe dashen a mazauninsa, shi ya sa ake hana sumba, wage baki, murza leɓe da zuwa wurin likitan haƙori har sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini. Ainihin kamannin da leɓe zai zauna a kai ba ya bayyana sai an yi kamar wata 3. Wanda ya matsa a sake masa aiki a mako na biyu don bai gamsu ba, kumburi yake yi wa hukunci.

Wanda abincinsa yake a bakinsa ya yi lissafi da kyau. Malamin makaranta, mai gabatar da shiri a rediyo, mawaƙi, ko mai busa sarewa, ɗan taurin da wani ba zai damu da shi ba, shi yana iya taɓa masa sana'a.

Alamomin da ba a kwana da su

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Bayan kwana na uku, komai ya kamata ya riƙa raguwa: kumburi, zafi, ja. Duk abin da ya juya ya fara ƙaruwa, akwai dalili.

Idan gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ya yi tauri, ya yi duhu, ga zugi mai tsanani, wataƙila jini ne ya taru a cikin hanyar da aka buɗe. Wannan a awannin farko ya fi faruwa, kuma sau da yawa sai an buɗe an fitar da shi. Idan kuma bayan an fara samun sauƙi wurin ya sake ɗaukar zafi, ya yi ja, mugunya ko wari suna fita, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, cuta ta shiga. A fatar baƙin mutum ja ba ya fitowa sosai, don haka a fi lura da ɗumin wurin, sheƙinsa da ƙaruwar ciwo. Idan ɗinki ya buɗe, ko aka hango kan dashen yana leƙowa, kada a tura shi ciki da yatsa. Idan wani sashe na leɓe ya koɗe ko ya yi baƙi, jini ne ba ya isa wurin.

Akwai kuma wanda ba a jiran a sami likitan da ya yi aikin a waya: kumburin harshe ko maƙogwaro, wahalar numfashi ko haɗiya, ko borin jini a jiki bayan shan magani. Asibiti mafi kusa za a nufa nan take.

Me ya sa cuta a kan dashe ta fi ta raunin yau da kullum wuyar magani? Dalili shi ne dashe ba shi da jini. Magani da sojojin jiki ta jini suke tafiya, sai su iso bakin dashen su tsaya. Bakteriya kuwa sukan manne a jikinsa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Sai a sha magani ciwo ya lafa, a daina ya dawo. Shi ya sa sau da yawa mafita ita ce a cire dashen, a bar wuri ya warke na watanni, sannan a yi maganar mayarwa. Mai jinyar da ya ƙi yarda a cire don yana jin zafin kuɗin da ya kashe, yakan ƙare da tabon da ya fi na farko muni.

Abin da ke zuwa daga baya

A 2014 likitan da ya ƙirƙiro dashen silikon ɗin nan, Peter Raphael na jihar Texas, shi da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon dashe 832 da suka yi wa mutum 420. Matsalar da ta fi yawa ita ce gocewar dashe daga mazauninsa, kusan 7 cikin 100. Shigar cuta, taruwar jini da ɓullowar dashe ba su kai haka ba ko kusa. Alƙaluman ba su da ban tsoro, amma a karanta su da ido biyu. Sakamakon hannun da ya fi kowa sanin abin ne, kuma mai shi yana da riba a cikinsa. Ba hujja ba ce cewa haka za a samu a kowane ɗaki da aka rataya wa allo.

Dashen da ya goce yakan sa gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko a ga shatinsa idan an yi dariya. Kuben da muka ambata wani lokaci yakan yi kauri ya tsuke, leɓe ya taurare ko ya karkace. Rashin jin taɓi galibi yakan wuce cikin makonni ko watanni, amma akwai waɗanda ba ya sakinsu gaba ɗaya. Tabon kusurwar baki yawanci ba ya fitowa, sai dai baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira keloyid. Duk wanda hujin kunne ko shasshawa ta taɓa yi masa irin wannan tsiro, ya nuna wa likita tun farko.

Sannan shekaru suna tafiya. Leɓe yana sirancewa da tsufa, dashe kuwa yana nan yadda aka sa shi. Abin da nama ya rufe a shekara 25 yana iya bayyana a shekara 50. Faɗuwa a babur ko bugu a baki na iya motsa shi ko bayan shekara goma. Wanda aka yi wa dashe ya sa a ransa cewa wataƙila wata rana zai sake kwanciya a gyara ko a cire.

Abin mamaki, masu siraran leɓɓa ƙwarai, waɗanda suka fi kowa son aikin, su ne bai fi dacewa da su ba, domin ba su da isasshen naman da zai rufe dashen. Haka kuma ba ya gyara leɓen da dama can gefe ɗaya ya fi ɗaya. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai ciwon dasashi ko ruɓaɓɓen haƙori, mai raunin garkuwar jiki da mai juna biyu, duk ba lokacinsu ba ne.

Ruwan silikon

Wannan shi ne wurin da na fi so ku buɗe kunne, domin shi ya fi kusa da talaka. Dashe daskararre abu guda ne, idan ya ɓaci a zare shi. Ruwan silikon da ake ɗurawa da sirinji kuwa yana bazuwa cikin nama, jiki ya kewaye kowane ɗigo da ƙullutu, wani lokaci bayan shekaru. Ba ya zuƙuwa, ba allurar da ke narkar da shi, sai dai a yanke shi tare da naman da ya kama. 'Yar wasan Amurka Lisa Rinna ta faɗa da bakinta cewa an yi mata shi a leɓen sama a shekarun 1980, ya taurare, sai a 2010 aka yi mata tiyata aka rage. Wani ɗan Ajantina mai suna Daniel Serrano, wanda ba shi da lasisin aikin likita a Amurka, ya riƙa ɗura wa attajiran Hollywood silikon irin na masana'antu, cikinsu har da Priscilla Presley, kafin a ɗaure shi. Idan masu kuɗin da likitoci ke kewaye da su sun faɗa wannan rami, ina ga yarinyar da aka ce ta zo bayan shagon gyaran gashi a yi mata da araha?

FDA ta yi gargaɗi a kan allurar silikon don ƙara girman sassan jiki a 2017, a 2021 kuma ta gargaɗi jama'a a kan wani alƙalami da ke harba fila cikin leɓe ba tare da allura ba. Ita kanta fila ta gaskiya, idan ta shiga jijiyar jini tana iya toshe ta, nama ya mutu, a wasu lokuta ƙalilan har da makanta. Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 fila don kwalliya daga Oktoban 2021.

Kafin a yanke shawara

Wasu sukan tafi Turkiyya, Dubai ko Masar a yi musu, wasu Legas ko Abuja. Matsalar tafiya nesa ita ce cuta da gocewa sukan bayyana bayan an dawo gida, lokacin da wanda ya yi aikin sai dai a same shi a WhatsApp. Duk wanda zai yi, ya karɓo takarda mai ɗauke da sunan dashen, girmansa da lambarsa, ya kuma san likitan da zai duba shi a gida. A Nijeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, ita ke rajistar likitoci, NAFDAC kuma ke rajistar kayan aikin lafiya. A tambayi likita ko ƙwararre ne a tiyatar gyaran jiki, sau nawa ya yi wannan aikin, sau nawa ya cire, kuma wa zai biya idan sai an sake. Wanda ya ce babu wani haɗari, a tashi a ba shi wuri.

Akwai kuma wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa wanda kowa ba ya gani, ya yini gaban madubi. Tana damun kusan mutum 2 cikin 100, kuma ta fi haka yawa a cikin masu neman tiyatar kwalliya. Wuƙa ba ta maganinta, likitan ƙwaƙwalwa ne ke taimakawa. Yayi ma yana juyawa. Cikar leɓen da aka daɗe ana yi wa baƙar fata ba'a da ita a Turai da Amurka, ita ce yau ake biyan kuɗi a samu, musamman tun da Kylie Jenner ta amsa cewa ta yi fila a 2015.

Ga Musulmi akwai maganar hukunci. Malamai sun bambanta gyaran abin da ya lalace da canza lafiyayyar halitta. Sukan kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyaran nakasa, ƙuna da rauni, ta kuma hana ta bin yayi kawai, har ta ambaci ƙara girman leɓe ko rage shi. Ɗinke tsagaggen leɓen jariri, ko aikin da ake yi a Asibitin Noma na Sakkwato tun 1999 ga yaran da ciwon noma ya cinye wa fuska, suna ɓangaren gyara, kuma kada tsoron abin da muka karanta ya hana kowa kai ɗansa. Dokokin jinyar ma kusan ɗaya ne: tsabtar baki, abinci mai laushi, da komawa asibiti a ranar da aka sa.

Tambayoyi da aiki

1. Waɗanne halaye uku na leɓe ne suke sa dashe a cikinsa ya fi wuyar jinya?
2. Me ya sa silikon daskararre yake da sauƙin cirewa, kuma wace matsala wannan yake jawowa?
3. Ku bayyana da kalmominku dalilin da ya sa maganin kashe bakteriya shi kaɗai ba ya cika warkar da dashen da cuta ta kama.
4. Wata maƙwabciyarku ta dawo daga tafiya kwana 6 bayan an yi mata dashe. Jiya ta ji sauƙi, yau gefen hagu ya ɗau zafi yana sheƙi, jikinta da ɗumi. Yayarta ta ɗora ruwan gashi, ƙaninta zai tafi kemis. Me za ku ce wa kowannensu, kuma wace takarda za ku ce a tafi da ita asibiti?
5. Ku kasu gida biyu. Rukuni ɗaya ya zama mai neman aiki, ɗaya ya zama likita. Masu neman aiki su rubuta tambayoyi biyar da za su yi kafin su sa hannu a takardar amincewa, likitoci kuma su rubuta abubuwa biyar da dole su sani game da lafiyar mai neman aikin.